Kawu da Rigimar Layi na Huɗu

Ranar addu'ar uku ta Kawu, kujeru ba su ishe mu ba. Rumfa biyu muka kafa a lungunmu na unguwar Nima, a babban birnin Gana, amma kafin hantsi ya ɗaga an cika su, har sai da samari suka shiga gidajen maƙwabta suna aro benci. Ina tsaye ina raba goro da waina, ina ganin fuskokin da ban taɓa sanin Kawu ya san su ba.

Ladanin masallacinmu ya zauna ya yi tagumi. Duk wanda ya ce masa ya haƙuri, sai ya ce, “Fiye da shekara ashirin lasifikar nan ba ta taɓa yin shiru ranar Juma'a ba. Ni ko inda ake buɗe ta ban sani ba. Yanzu wa zan kira?”

Wani Ba'asante Kirista mai gidan buga takardu a unguwar Adabraka ya zo cikin baƙin zanensu na makoki. Ya tuɓe takalmi tun daga bakin lungu, ya bi maza ɗaya bayan ɗaya yana ba su hannu yana yi musu ta'aziyya da harshensu, “Due, due.” Da ya zo kan babban ɗan Kawu, wanda nake kira Yaya, sai ya riƙe hannunsa ya kasa saki.

Matar Kawu kuwa, Inna, tunda aka fita da shi ba wanda ya ga hawayenta. A ranar ne ta leƙo daga ɗakin takaba ta ce da ni, “Ki gaya wa masu rediyon nan su zo su kwashe kayansu. Sun cika mini ƙarƙashin gado. Shekara nawa ina faɗa masa…” Nan ta saki labule.

Sai kuma wata tsohuwa mai sayar da albasa a kasuwar Agbogbloshie, wadda kowa ke kira Mma. An ba ta kujera ta ƙi, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa tana kuka. Wata baƙuwa ta tambaye ta ko ita dangin mamacin ce. Mma 'yar arewacin Gana ce, Hausarta ta kasuwa ce. Ta ce, “Ni ba dangi ba. Amma mutum nan, shi ya binne yaro na.”

Mata suka dubi juna. An san ɗanta a Jamus ya rasu, Kawu kuwa bai taɓa taka jirgin sama ba. Mu uku ne kaɗai a wurin muka san abin da take nufi: ita, da Yaya, da ni. Shi ya sa na ga gara in rubuta tun ina iya tuna yadda abin ya kasance, in haɗa da sauran abin da na sani na halinsa.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Sunan kakarmu, mahaifiyarsa, aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai Uwata. Ko faɗa zai yi mini sai ya fara da, “Uwata, ki gafarce ni, amma kin yi wauta.” A gidansa na girma bayan rasuwar mahaifina, kuma shi ya kai ni makarantar koyon buga tafireta lokacin da dangi ke ganin ɗinki ya fi dacewa da mace.

A unguwar Sabon Zongo aka haife shi, gidan mahauta. Fawa aka so ya gada, amma jini na tayar masa da zuciya. Wani ɗan ƙabilar Ga ya koya masa gyaran rediyo, daga nan ya samu aiki a ma'aikatar waya, a ɗakin da layuka ke haɗuwa. Ya yi shekaru a can har aka yi rage ma'aikata ya shiga ciki. Ya dawo ya kafa kiyos, ɗan shago na katako, kusa da babbar gota da ruwan unguwa ke bi, ya rubuta a jiki da fenti: Ana Gyara. Bai ce me ake gyarawa ba. Duk abin da ke cin wuta ko batir kawo masa ake yi.

Yana da ƙa'idoji, kuma duk wanda ya zauna a bencinsa ya haddace su. Kafin ya taɓa abu sai ya tambayi mai shi, “Me ka ƙara masa na ƙarshe?” In mutum ya ce bai taɓa komai ba, Kawu ba ya musu. Sai ya ba shi goro, ya ja shi da hira, har mutumin da bakinsa ya ce ai jiya dai ɗansa ya sa wata waya a baya. Ƙa'ida ta biyu ita ce, “Taɓa ɗaya, ka gwada.” Ya ce wanda ya canza abu uku lokaci guda, ko kayan sun tashi bai gyara ba, sa'a ya yi. Ya tsani ya ga ana dukan rediyo don ta yi magana. Na taɓa gani ya mayar wa wani direban trotro, motar haya, da rediyonsa ba tare da ya buɗe ba, don ya ga ya mare ta a gabansa. Ya ce, “Je ka ci gaba da dukanta, ka ga ko za ta ji tsoronka.”

Shekarar da aka koro mutanenmu daga Najeriya, ga yunwa ta sa kowa a gaba, da yawa sun dawo ba su da komai sai rediyo mai kaset da suka ɗauko a ka, ita ma ta sha wuya a hanya. Ita suke so su sayar su ci abinci. Kawu ya riƙa gyara musu yana miƙa musu, in sun sa hannu a aljihu ya ce su bari. Inna ta yi ta mita, don mu ma a gidan sau ɗaya ake ɗora tukunya. Ya ce mata, “Matacciyar rediyo ba ta sayen gari. In ta yi magana, 'ya'yansa sun ci na mako biyu.” Ta ce, “Naka 'ya'yan fa?” Washegari ya ɗauki agogon hannun da aka ba shi a wurin aiki ya tafi kasuwar Makola, ya dawo da masara.

Ba zan ce ba shi da aibi ba, don shi kansa ba zai yarda in yi masa ƙarya ba. Kawu yana da zuciya, kuma yana da riƙo. Ba ya zagi, ba ya ɗaga murya. Shiru yake yi. Shirun Kawu kuwa sai ya kai wata, kana gaishe shi yana amsawa, amma ka san an rufe maka ƙofa.

Ba'asanten nan mai gidan buga takardu shi ya fara kawo masa kwamfuta, wajen ƙarshen shekarun tamanin. Kawu ya ce bai san ta ba, amma a bar masa ita. Ya yi makonni da littafinta a hannu ɗaya, ƙamus a ɗaya hannun, yana rubuta abin da ya gane cikin wani littafi, rabi da boko rabi da ajami. Ranar da ya tashe ta ya shigo gida yana dariya. Ya ce, “Ashe ɗakin wayarmu ne aka ƙanƙance aka sa cikin akwati!” Tun daga nan ofisoshi suka fara aiko masa da nasu. A aljihunsa kullum akwai wani ɗan gwangwanin man zafi, cike da wasu 'yan baƙaƙen robobi da ba su kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Jampa ake ce musu, ana cusa su kan 'yan ƙusoshin katin kwamfuta don a saita shi. Inna ta ce ita jampar da ta sani sawa ake yi a je sallar Idi.

Faɗansa da Yaya a kan kwamfuta ya samo asali. Yaya ya yi karatun fasaha a babbar makaranta, ya dawo da takarda da kuma sababbin abubuwan da Kawu bai karanta ba. Wata rana wani ya kawo na'ura, Kawu ya ɗauki sukudireba, sai Yaya ya ce a gaban mai kayan, “Baba, ka bari. Wannan ba rediyo ba ne fa.”

Kawu ya ajiye sukudireban. Ya goge hannu da tsumma. Ya ce, “To.”

Wata takwas bai sake taɓa kwamfuta ba. Duk wanda ya kawo sai ya nuna Yaya da haɓa, ya ce, “Ga injiniya can.” Yaya ya ba da haƙuri sau ɗaya, a tsaye, yana sauri. Kawu ya ce ai ba komai. Duk gidan mun san akwai komai.

Cikin watannin nan ne na buɗe ɗan shagona a unguwar Maamobi, inda ake buga wasiƙu da kiran waya. Ƙanena da ke Jamus ya aiko mini da tsohuwar kwamfuta, da 'yar na'urar da ake ja bisa takarda ta ɗauki hotonta, da wani kati da ake kira modem, wanda in an sa shi cikin kwamfutar aka jona da layin waya, sai ta riƙa aikawa da karɓar faks, wato hoton takarda ta waya. Yaya ya zo ya haɗa mini komai, har ya ƙara katin sauti don mu riƙa jin karatu. Komai na aiki sai faks. Takarda ta fara shigowa, sai ta tsaya. Yaya ya ce layin waya ne, kowa ya san halin layinmu in an yi ruwa.

Ni kuwa da nake wuni gaban na'urar na lura da wani abu. In faks ya tsaya, na girgiza maus, wato ɗan abin nan mai wutsiya da ake turawa bisa tebur, sai ya ɗan ci gaba. In na daina ya sake tsayawa. Na gaya wa Yaya. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, “Sista, ke ma kin zama mai rukiyya? Me ya haɗa maus da waya?” Na ji kunya, ban ƙara tayar da maganar ba.

Wata Juma'a da safe, ina share ƙofar shago, waya ta yi ƙara. Ƙanena ne. Ɗan Mma mai albasa, wanda suke gari ɗaya, ya rasu a asibiti kwanaki da suka wuce. Musulmin garin sun je karɓar gawa an hana su, an ce sai da takardar amincewa daga uwa ko uba. In ba ta zo ba kafin a tashi aiki ranar, hukuma za ta yi abin da take yi da gawar da ba ta da mai ita, an ce har ƙonawa suke yi. Ya ce zai turo takardar ta faks daga shagon wani Baturke, Mma ta dangwala yatsa, mu mayar. Agogonsu ya riga namu da awa biyu, ranar Juma'a kuma da wuri suke rufe ofis. Sha biyun ranarmu ke nan komai ya ƙare.

Na aika aka kira Yaya, ni kuma na je na taho da Mma, wadda ta riga ta ji rasuwar tun jiya. Da ƙyar take ɗaga ƙafa. Ƙarfe tara faks ya fara shigowa, ya tsaya. Ƙanena ya sake turowa. Wannan karon ban kula da dariyar kowa ba, na kama maus ina girgizawa har hannuna ya gaji. Rabin shafi ya fito, rubutun duk ya kakkarye, sannan layi ya yanke. Ɗaya faks ɗin da ke bakin titin Nima layinsa ya mutu tun ruwan makon jiya. Cikin gari kuwa, da cunkoson Juma'a da tsohuwar da ba ta iya tsayuwa, ban ga za mu isa ba. Ƙanena ya kira ya ce Baturken ya fara ɓata rai, zai sake gwadawa ƙarfe sha ɗaya, daga nan bai san abin da zai yi ba.

Yaya ya cire wayar ya mayar, ya kashe na'urar ya kunna, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Mma ta kama gefen zanena. Ita kowa “kai” ne a bakinta. Ta ce, “Na roƙe ka da Allah, kar su sa yaro na wuta.”

Ban yi shawara da kowa ba. Na ja mayafi na yanka ta lunguna har kiyos ɗin Kawu. Na same shi yana gyaran wata fanka.

Na ce, “Kawu, faks ɗina ya ƙi.”

Bai ɗago ba. Ya ce, “Uwata, ai kuna da injiniya.”

Na ce, “Ɗan Mma ne mai albasa. In takarda ba ta je ba kafin sha biyu, ba za a yi masa wanka ba, ba za a yi masa salla ba.”

Hannunsa ya tsaya. Ya ce, “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.” Ya laluba aljihu ya ji gwangwaninsa na nan, ya ɗauki gilashin da yake ƙara girman abu da shi. Ko ƙofar kiyos bai rufe ba, ya ce da mai shayin kusa ya duba masa.

A hanya ya ce in faɗa masa duk abin da na gani. Na faɗi maganar maus, ina jiran ya yi dariya shi ma. Sai ya ja ya tsaya tsakiyar lungu, har wata mai ɗauke da bokitin ruwa ta kusa karo da shi.

“In kin girgiza ya tafi, in kin bari ya tsaya?”

“Haka ne, Kawu.”

“Tun yaushe kika ga wannan?”

“Mako biyu.”

“Uwata, ki gafarce ni, amma kin yi wauta da kika yi shiru. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kin riga kin gano ciwon, sunansa ne kawai ba ki sani ba.”

Da muka shiga shago, Yaya ya miƙe. Kawu ya gai da Mma, ya yi mata ta'aziyya, sannan ya ce da ɗansa ba tare da ya dube shi ba, “Kashe. Buɗe.” Ya taɓa ƙarfen taga kamar yadda yakan yi kafin ya sa hannu cikin na'ura, ya yi bismilla. Ya yage bayan kalandar da ke bango ya jera lambobi daga sifiri zuwa sha biyar. Yaya na kwance sukurori, shi kuma yana yi mini bayani, ko da yake na san ba ni kaɗai yake so in ji ba.

Ya ce ƙwaƙwalwar na'ura abu ɗaya take yi a lokaci guda. Duk wani kayan da aka jona mata, in yana da saƙo, akwai layin da yake ja don a katse aiki a saurare shi. Layukan nan sha shida ne, kowanne da lambarsa. A can cikin manhajar akwai babba wanda komai ke bi ta hannunsa. “Turawa na ce masa kanal,” in ji Kawu, “kuma sunan ya dace da shi.” In aka ja layi, kanal ya duba lamba, ya kira direban da ke kula da wannan kayan, don kowane kaya da 'yar manhajarsa da ake kira direba. In kaya biyu suka hau lamba ɗaya, jan ɗaya yakan danne na ɗayan. Modem na ta kira ba a jinsa, sai in maus ya motsa ya ja layin, a zo dominsa, a tarar da saƙon modem ya taru har wani ya zube.

Ya juya ga Yaya. “Maus a lamba nawa yake?”

“Huɗu.”

“Modem fa?”

Yaya ya zaro katin ya duba 'yan ƙusoshin da ke gefensa. Ya daɗe yana dubawa. A hankali ya ce, “Huɗu.”

Na zaci Kawu zai faɗi wata magana. Wata takwas yana riƙe da ita. Sai kawai ya rubuta sunayen biyu a gaban lamba huɗu, ya ci gaba da tambaya. Uku akwai mai ita, shida ta faifai ce, bakwai ta injin buga takarda. Katin modem ɗin nan kuwa iyakar inda jamparsa ke iya zuwa uku, huɗu, biyar ko bakwai. Saura biyar.

Yaya ya ce, “Katin sauti na kan biyar.”

Kawu ya ce, “Cire shi. Yau ba ranar jin sauti ba ce.”

Ƙarfe goma da rabi ta wuce. Kawu ya ɗauki katin modem ya kai gilashi kusa da ido, ya kama 'yar jampar da hantsaki. Ta kuɓuce ta faɗa ƙarƙashin tebur. Ya buɗe gwangwani ya ɗauko wata. Ya kai ta kan ƙusoshin, ya kasa dacewa da su. A ranar na fara gane idon Kawu ya soma tafiya, kuma ya daɗe yana ɓoye mana. Ya miƙa wa Yaya hantsakin. Ya ce, “Na uku daga hagu. Ni ba na ganinsu.”

Yaya ya sa. Aka mayar da kati, aka kunna. Maus na tafiya lafiya. Muka gwada kiran wata lamba don mu ji ko modem zai ɗaga layi. Shiru. Da can ko yaya yakan yi ɗan kukansa, yanzu ko tari. Mma ta dubi fuskokinmu ta fara salati.

Kawu ya ce, “Taɓa ɗaya muka yi, don haka mun san inda muke. Kati ya koma biyar, direbansa na can yana jira a huɗu. Sai an gaya masa.” Ya dubi allon, ya dubi 'yan hotunan da ke kai. A na'urorin da ya saba da su, masu baƙin allo, ya san inda ake rubuta wannan. Sannan, a gabana, a gaban Mma, da mutanen da suka taru a ƙofa, ya ce da ɗansa, “Inda ake gaya masa a wannan sabuwar ban sani ba. Kai ka sani. Zauna.”

Yaya ya zauna. Ya buɗe wani fayil mai dogon rubutu, ya gangara, ya sami layin, ya goge huɗu ya sa biyar. Ya kashe ya kunna. Muka sake gwadawa, modem ya ɗaga layi da ƙaransa mai kama da kukan gyare.

Sha ɗaya da 'yan mintoci waya ta yi ƙara. Hannuna ya kai kan maus da kansa, Kawu ya riƙe mini wuyan hannu. Ya ce, “Bar shi. Mu gani ko zai tafi da ƙafarsa.” Muka zuba wa allo ido. Shafin ya sauko tun daga sama har ƙasa, bai tsaya ba. Na buga shi a takarda, na rubuta sunan Mma inda ƙanena ya ce, na kama babban yatsanta na dangwala a tawada na ɗora. Kawu da Yaya suka sa hannu a matsayin shaidu, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Na ja na'urar ɗaukar hoto bisa takardar, muka tura. Sha biyu saura kwata ƙanena ya kira, yana haki, ya ce ta fito sarai, ga shi nan zai ruga da ita.

Mma ta durƙusa za ta kama ƙafar Kawu, ya ja da baya da sauri ya ce, “Subhanallahi, tashi, tashi. Ga wadda ta gano abin nan, ga wanda ya ƙarasa.” Ya dubi agogon bango ya ce da Yaya, “Za mu makara.” Suka fita tare zuwa masallaci. Ina kallonsu daga ƙofa, da suka zo tsallaka gota Yaya ya kama masa gwiwar hannu, shi kuma bai fizge ba. Iyakar sulhun da na gani ke nan. Ban ji wanda ya ce wa wani yi haƙuri ba.

Ranar Litinin ƙanena ya kira ya ce an ba su gawar, sun yi masa wanka, sun sallace shi, sun kwantar da shi yana fuskantar alƙibla. Bayan mako guda Mma ta sa aka kawo buhun albasa gidan Kawu. Ya ce a mayar, Inna ta ce wallahi ba inda za shi. Katin sauti kuwa Yaya ya koma da shi lamba goma, ya manna takardar kalandar nan a cikin murfin na'urar don duk wanda zai buɗe ta nan gaba.

Bayan shekara biyu idon ya tafi gaba ɗaya. Aka rufe kiyos, Kawu ya koma zaman tabarma a ƙofar ɗaki, carbi a hannu. Mutumin da bai iya zama ba aiki, sai ga shi wuni guda ba abin da zai taɓa. Ya rage cin abinci, ya rage magana.

Sai Yaya ya ɓullo da wata ɗabi'a. Lokacin ya riga ya yi suna, manyan ofisoshi ke kiransa. Amma duk bayan la'asar sai ya shigo da wata na'ura a kafaɗa, ya dire gaban tabarmar, ya ce, “Baba, wannan ta gagare ni.” Kawu ya gyara zama. “Me aka ƙara mata na ƙarshe?” Yaya ya faɗa. Su yi ta yi, uban na tambaya ɗan na dubawa, har a kai ga inda ciwon yake. Ranar da aka yi haka Kawu yakan cinye tuwonsa tas.

Wata rana na biya ta shagon Yaya da rana, na gan shi ya gama gyara wata na'ura, tana aiki lafiya lau. Ina tsaye ya kashe ta, ya zare jampa ɗaya ya mayar da ita inda ba daidai ba, ya rufe. Da la'asar sai ga ta a gaban Kawu. Na yi kamar ban taɓa ganinta ba.

Bayan ya fita da ita, na kawo wa Kawu ruwan alwala. Ya ce, “Uwata, zauna.” Na zauna. Ya ce, “Yaron nan ya ɗauka ban sani ba.”

Na ce, “Me fa, Kawu?”

Ya yi murmushi. “Wanda ya gagara ba haka yake ba da amsa ba. Kafin in rufe baki ya riga ya san inda zai duba. Tun na farko na gane.”

Na ce, “To in gaya masa ya bari?”

Ya ce, “Kul. Kada ki kuskura. Yana ganin ni yake yi wa, to yana yi mini ɗin, Allah ya yi masa albarka. Amma shi ma akwai abin da yake son faɗa mini, bakinsa ya kasa, shi ne yake ɗauko shi a kafaɗa kullum. Ki bar shi ya gama faɗa.”

Ban gaya wa Yaya ba har Kawu ya koma ga Mahaliccinsa. In ya karanta wannan, yau ya sani: Kawu ya ji haƙurin da kake ba shi, Yaya, tun ranar farko.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa makwanci, ya mayar masa da ganinsa a inda babu sauran duhu. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da imani.